Hoton Ɗakin Maƙwabciyarmu

Mu da muka tashi a Zongon Kumasi mun saba da ƙararrawar cocin Roman Hill. Amma a ɗakin wata tsohuwa, maƙwabciyarmu 'yar Katolika, muka fara ganin hoton nan: Nana Maryamu, wankan tarwaɗa, rana a bayanta, jinjirin wata ƙarƙashin ƙafarta. Ba Baturiya ba ce sam.

Daga Meziko ya samo asali. 'Yan Katolika sun ce a 1531, shekara goma bayan Turawan Sifen sun ci daular Aztek da yaƙi, ta bayyana ga wani talaka, Juan Diego, a tudun Tepeyac, inda mutanensa suka taɓa bauta wa wata uwa, Tonantzin. Kuma da yarensa ta yi masa magana. Wannan shi ya tsaya mana a rai.

Mu dai Musulmi ne, ba ma roƙo gaban hoto. Amma mun san baƙunta. Fataucin goro ya kawo kakanninmu nan. Yau 'ya'yanmu da yaren Tonawa suke faɗa da junansu, mu yi ta tsawatawa; mu kanmu in mun je Kano sai a yi wa Hausarmu dariya.

Ran nan muka ce, “Iya, da wane yare kike addu'a gabanta?”

Ta ce, “Da Dagarti mana. Tana ji.”