Faifan Tsofaffi Da Ya Ƙi Kwantai

A rumfar babana a Agege na tashi, shi ya sa ko labarin mawaƙa na ji, cinikin nake fara dubawa.

AC/DC, 'yan Ostireliya masu kiɗan jita mai ƙarar tsiya, sun shekara 8 ba sabon faifai. Da suka dawo da Black Ice a Oktoban 2008, sai suka ba kantunan Walmart dillancinsa a Amurka, suka hana iTunes. Mu nan da an ce dila ɗaya, mun san kaya zai kwana. Ina! Makon farko kwafi 784,000 aka sayar a Amurka, ya zo na ɗaya a ƙasashe 29.

Bayan wata guda Guns N' Roses suka ba Best Buy nasu, Chinese Democracy, makon farko 261,000 kawai. A ganina dalilin a fili yake. AC/DC ba su canza wa tsofaffin kwastomominsu ɗanɗano ba, Walmart kuma ta ware musu waje da riguna da tsofaffin faifansu. Can kuwa Axl Rose kaɗai ya rage cikin mutanen farko, kuma ko tallar faifan bai fito yi ba.