Dakalin da Babu Kowa a Kansa: Yini Guda a Jami'ar Cape Town

Wanda zai hau babbar harabar Jami'ar Cape Town da ƙafa daga unguwar Rondebosch, sai ya tanadi numfashi. Hawa ne tun daga bakin titi: ka ratsa ta ƙarƙashin babbar hanyar mota, ka wuce filayen wasan rugby, sannan matakala ta karɓe ka. Sau biyu na tsaya ina haki, ɗalibai suna wuce ni da jakunkunansu kamar a shimfiɗaɗɗen fili suke tafiya. Da na ɗaga kai sai ga gine-gine masu jan rufi, ganye ya lulluɓe bangonsu, a bayansu kuma dutsen Devil's Peak, wato Ƙololuwar Shaiɗan, ya tokare sama, gajimare na zubowa ta kafaɗarsa.

Ba kyan wurin ne ya kawo ni ba. Wani dakali na zo gani, a saman filayen wasa, wanda babu kowa a kansa. Daga 1934 zuwa 2015 mutum-mutumin Cecil Rhodes ya kasance a wannan haraba, yana zaune kan kujera, ya yi tagumi. Rhodes shi ne attajirin lu'ulu'un kamfanin De Beers, firaministan yankin Cape daga 1890 zuwa 1896, wanda aka laƙaba wa ƙasar Rodeshiya sunansa. Filin da jami'ar ke kai ma daga gandunsa aka yanko shi. Ranar 9 ga Maris, 2015, wani ɗalibi, Chumani Maxwele, ya zo da bokitin bayan gida daga unguwar talakawa ta Khayelitsha ya sheƙa wa mutum-mutumin. Wata guda cif bayan haka, ranar 9 ga Afrilu, injin ɗaga kaya ya tumɓuke Rhodes, ɗalibai na sowa. Daga baya wani ya zana inuwarsa da baƙin fenti a kan matakalar da ke ƙasa, alamar an ɗauke mutumin amma inuwarsa tana nan.

Sai da na juya baya na tsaya inda idonsa ke kallo, sannan na gane dalilin bokitin. Daga nan ana hango shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi da ake kira Cape Flats, inda gwamnatin wariyar launin fata ta kwashe waɗanda ba farare ba ta jibge su. Can Langa da Gugulethu da Khayelitsha suke. A mota tafiyar ba ta da wani nisa. Amma yaron da ya tashi a ɗakin kwano, ya yi karatu a aji mai cunkoso, kafin ya taka wannan matakala ya yi tafiyar da ba a auna ta da kilomita. Duk gardamar ɗaukar ɗalibai a nan, a tsakanin dakalin nan da wancan yashi take.

A 1959 gwamnati ta yi dokar da ta hana baƙar fata shiga jami'o'in farare sai da izinin minista. Bayan faɗuwar wariya, jami'ar ta ɗauki hanyar gyara: mai neman gurbi yana bayyana jinsinsa a takarda, baƙi ne, ko ruwa-biyu, ko ɗan asalin Indiya, ko fari, kuma a kwasa-kwasan da ake rububi, irin su likitanci, makin da ake nema wurin baƙi bai kai na fari ba. Masu suka suna cewa rabe-raben nan huɗu ai gadon wariya ne, kuma ɗan minista baƙi da ya yi makarantar kuɗi bai fi ɗan talaka fari cancantar sassauci ba. Masu goyon baya suna cewa a ƙasar da farare ba su kai ɗaya cikin goma ba, amma suka daɗe da rinjaye a kujerun farfesoshi, cewa an daina ganin launi rufe ido ne kawai. A zamanin shugaban jami'ar Max Price aka sauya tsarin, aka ƙara duba makarantar da ɗalibi ya fito, da ilimin iyayensa, da harshen gidansu, ba tare da an jefar da launi gaba ɗaya ba.

Ɗan Nijeriya ba baƙo ba ne a wannan zance. A jami'o'inmu na tarayya ana ba cancanta kashi 45 cikin ɗari na gurabe, yankin da jami'a take kashi 35, jihohin da ke baya a karatun boko kashi 20. Mu 'yan Arewa mun san ɗacin a ce da mutum ɗan kwota, ko da kuwa shi ya zo na ɗaya a aji. Wata ɗaliba da muka zauna kusa a matakala, tana cin burodi da soyayyen dankali, ta nuna mini cewa nan ma haka ne: samun gurbi daban, a yarda kai ma ɗan gida ne daban.

Matakalar nan ita ce dandalin jami'ar. A samanta akwai babban zaure mai ginshiƙai, inda ake yaye ɗalibai. Da sunan Jameson, na hannun daman Rhodes, aka san shi, sai a 2018 aka mayar da shi Zauren Sarah Baartman, matar ƙabilar Khoi da aka riƙa nuna jikinta a Landan da Paris kamar dabba, wadda sai a 2002 aka dawo da ƙasusuwanta gida. A gindin matakalar ne ɗalibai suka kafa ɗakin kwano a Fabrairun 2016 don nuna ƙarancin masauki, suka kwaso hotunan zane daga bango suka cinna musu wuta. Cikin waɗanda suka ƙone har da aikin wani baƙin mai zane, Keresemose Richard Baholo. Wuta ba ta tambayar launi.

A shekarar kuma jami'ar ta janye gayyatar da aka yi wa Flemming Rose, editan nan na Denmark da ya buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW) a 2005, wanda zai gabatar da laccar shekara kan 'yancin ilimi. Wasu malamai suka ce tsoro ne da kaffa-kaffa da baki. A matsayina na Musulmi ban yi baƙin cikin janyewar ba. Sai dai a hanyar gangarowa na tsaya gaban ginin Bremner, ofishin hukumar jami'a, na tuna wata janyewar. A 1968 an ba Archie Mafeje, baƙin masani, aikin koyarwa, gwamnati ta matsa, jami'a ta fasa. Ɗaruruwan ɗalibai, galibi farare, suka mamaye ginin kwana tara. A 2008, bayan ya rasu, jami'ar ta nemi gafarar iyalinsa. Ikon rufe ƙofa wuƙa ce mai baki biyu, kuma ba kullum take hannun wanda kake so ba.

La'asar sakaliya inuwar dutsen ta rufe harabar, alhali can Cape Flats rana na nan tana haska rufin kwano. Motocin jami'a masu launin shuɗi suka fara kwasar ɗalibai, masu shara da masu gadi kuma suka nufi tasha, domin tafiyarsu ta fi nisa. Tumɓuke Rhodes wata ɗaya ya ci. 'Ya'yan masu sharar nan kuwa, har yanzu ana lissafin makin da zai hawo da su matakala.