Ranar Da Tsabta Ta Kashe Mana Kifi

Mu malaman lakwal muna da wani hali, abin da muka karanta a littafi gani muke mun gama saninsa. A shekarar 2019, mu uku da ke koyar da kimiyya a wata makaranta a nan Zongon Kwatano muka ce lalle sai yaranmu sun ga kifi da ransa a aji, ba sai a cikin tuya ba. Iyaye suka yi karo-karo, mai aikin gilashi ya haɗa mana akwati mai cin lita 600, muka zuba 'ya'yan karfasa 40.

Na'urar tace ruwa ta kanti ta fi ƙarfin aljihunmu, don haka muka ƙera tamu. Muka ɗora duron roba bisa akwatin, muka shimfiɗa tsakuwa a ƙasansa, sa'an nan marufan kwalabe buhu biyu da yara suka tsinto, a can sama kuma tsohuwar koma da muka sayo a Dantokpa. Wani ɗan famfon lantarki ke tura ruwa cikin duron, ya tsiyayo ya koma wa kifi. Wata uku lafiya lau.

To, sai aka ce mai duba makarantu zai zo. Muka leƙa duro, muka ga wani yauƙi ruwan ƙasa ya lulluɓe kome. Kunya ta kama mu. Ran Asabar muka zazzage shi, muka wanke tas da sabulu da ruwan famfo, muna ta yaba kanmu. Kafin Alhamis kifi sun taso sama suna haki, alhali ruwa garau. Muka kwashe gawa 31 a gaban yara, wasunsu na kuka. Wani dattijo da ya ba da jaka biyar ya tare mu a ƙofar masallaci ya ce, "Mushe, ashe ilmin naku bai kai na masunta ba?" Ba mu da ta cewa.

Wanda ya warware mana zancen tsohon ɗalibinmu ne, wanda ya koyi kiwon kifi a cibiyar Songhaï ta Porto-Novo. Ya dubi duron ya ce, "Malam, ai ma'aikatanku kuka kora." Watau kifi yana fitar da wani dafi, amoniya, ta hanyar numfashinsa da kashinsa. A cikin yauƙin nan akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, kashi ɗaya na mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma dafi ne mai hana jinin kifi ɗaukar iska, kashi na biyu kuma na mayar da shi naitirat, mai sauƙin illa. Marufan kwalaben ba tankaɗe suke yi ba, gida ne kawai. Kulorin ɗin da ke cikin ruwan famfo kuwa don kashe irin waɗannan ƙwayoyi ake zuba shi. Abin haushi, tun wajen 1890 wani masani ɗan Rasha, Winogradsky, ya bayyana aikinsu, mun kuwa taɓa rubuta wannan darasi a allo da hannunmu.

Dattijon nan ma bai yi ƙarya ba. Masuntan tafkin Nokuwe da ke kafa rassan itace a ruwa, abin da suke kira akaja, sun daɗe da sanin cewa yauƙin da ke kama rassan shi ke tara musu kifi.

Muka sake farawa da tara da suka rage, muna ba su abinci kaɗan kaɗan, domin sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin ƙwayoyin su kafu. Daga nan koma kawai muke ɗaurayewa, ita ma da ruwan da aka ɗebo daga akwatin. Ruwan famfo sai ya kwana a buɗe kafin mu ƙara. In an ɗauke wuta, yara kan yi layi da bokiti suna kwarara ruwa a duron, don ƙwayoyin ma iska suke buƙata.

Da mai dubawa ya sake zuwa ya ɗaga murfin duron, ya yamutsa fuska. Wata yarinya 'yar aji biyar ta ce masa, "Don Allah kada ka taɓa, masu aiki ne a ciki."