Mun Ga Inda Ake Yi wa Bokiti Launi

'Yan'uwana mata, ku da kuke wanke bokitin roba kullum, kun taɓa tambayar kanku abin da ya hana launinsa zuba kamar na zane? Ni dai ban sani ba sai ran Talatar da ta wuce, da na kai 'yan ajina ziyara wata ma'aikatar roba a Sharaɗa, cikin Kano.

Tun daga bakin ƙofa ƙarar inji ta cika mana kunne. Wani dattijon ma'aikaci ya tarbe mu, ya buɗe buhu ya ɗebo mana ƙwayoyi farare-farare kamar shinkafa. Ya ce, "Malama, wannan ita ce robar." Sa'an nan ya ɗebo wasu shuɗɗa daga wani buhu, ya barbaɗa 'yan kaɗan a kan fararen, kamar mai sa wa miya gishiri. Aka juye cikin inji, zafi ya narkar da su, sai ga bokiti ya faɗo shuɗi shar, da ɗuminsa.

To, ga asirin. Zafin cikin injin nan ya kan kai digiri 200, ruwa kuwa a 100 yake tafasa. Ba kowane rini ke jure wannan ba. Don haka aka fi dogara da garin ma'adinai, wanda ba ya narkewa, ba ya kuma saurin kodewa a rana. Ba shafa shi ake yi a bisa ba, cikin jikin robar yake zama, kamar tsakuwa cikin gini.

Farin daga ma'adinin titaniyam yake, irin wanda ake haƙowa a Saliyo. Ja mai duhu kuwa ɗan'uwan tsatsar ƙarfe ne. Amma shuɗin ya fi ba ni mamaki, don ashe shi ne bular nan da iyayenmu ke sa wa fararen kaya. Da can sai an niƙa wani dutse mai tsada na ƙasar Afganistan ake samunsa, har a 1828 aka tabbatar a Faransa cewa ana iya gasa shi daga farin yumɓu da soda da farar wuta. Ko farar roba ma akan sa mata ɗan kaɗan don ya kashe rawaya-rawayar da ke cikinta, daidai yadda muke yi wa farar riga.

Sai dai ba duka ne lafiyayyu ba. Akwai wani rawaya mai haske da ake haɗawa da dalma, kun kuwa tuna yadda gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Baƙi kuma, wanda yake kama da garin gawayi mai laushi, yana kāre tankin ruwa daga rana, amma yana rufe asirin tsohuwar robar da aka tsinto aka sāke narkawa. Shi kansa launin ba laifi, abin da ke ƙarƙashinsa ne ba ki sani ba.

Wata ɗalibata ta tambayi dattijon ko ya kan ci abinci a baƙar roba. Ya yi dariya ya ce, "'Yata, wanki nake yi a ciki."

Da na koma gida na tarar an zuba kunu mai zafi a baƙin bokitinmu. Na juye shi a kwanon sha, bokitin kuwa na kai shi gindin famfo.