Yadda Matan Ingila ke Kiran Mazajensu

Nottingham, Ingila

Zuwa ga ƙanwata,

Mu nan sai sanyi, rana kan faɗi tun kafin ƙarfe 4 na yamma.

Kin ce tunda biki ya matso in zaɓo miki sunan Turanci da za ki riƙa kiran angonki da shi. To, bari in gaya miki abin da kunnena yake ji.

Matan nan da sunansa na yanka suke kiran miji, ko a gaban uwarsa, ba kunya a ciki a wurinsu. In suka so tausasawa sai su ce "darling" ko "love", 'yan mata kuma "babe". "Honey" ya fi yawa a bakin Amurkawa. "Hubby" kuwa idan ana zancensa da ƙawaye ne, ba a cika kiransa da shi ido da ido ba. Sai dai ki sani, "love" ɗin nan direban bas ma zai ce miki, ba da wata manufa ba. A garin nan har "duck" ake cewa, wato agwagwa, kuma mai sayar da kayan miya zai faɗa wa kowa. A Newcastle "pet" suke cewa.

Sunan da ke da nauyi a wurinsu shi ne wanda mutum biyu kaɗai suka san asalinsa. Maƙwabciyata tsohuwa ce, mijinta ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki. Kowace safiya takan tsaya a bakin ƙofa ta naɗa masa mayafin wuya, ta ja hularsa ta rufe masa kunnuwa, ta kira shi da wani ɗan suna ƙasa-ƙasa. Ban taɓa tambayarta ma'anarsa ba, don na ga ba nawa ba ne. Haka Winston Churchill da matarsa Clementine, da suka yi aure a 1908: a wasiƙunsu ita ce kyanwa, shi kuma "Pug", wani ɗan kare mai gajeren hanci, daga baya ma alade. 'Yarsu Mary ta buga wasiƙun a 1998. A wurinmu wannan zagi ne, a wurinsu ƙauna ce ta shekara 56.

Ni dai har yau Baban Yara nake cewa, kuma da na faɗa ya san ko lallashi ne ko ƙorafi. Ke ma a gaban surukai ki riƙe Maigida ko Malam. Na ɗaki kuwa kada ki yi gaggawar aro, ki bari ku zauna tukuna ki ga halinsa.

Atamfar da kika ce na saya, zan ba wata mai zuwa Kano a watan gobe. Ki gaishe da Inna da Baba, ki ce su sa mu a addu'a.

Yayarki