Baƙunci Kwana Nawa Ne? Abin Da Zaman Gyallesu Ya Nuna Mana

 A wannan mako muna so mu yi magana a kan wani al'amari da ba ya rabuwa da ma'aikaci da ɗan kasuwa, watau ƙaura daga gari zuwa gari saboda neman abinci. Yau a ce an mai da wane Gusau, gobe a ce ciniki ya ja wane zuwa Funtuwa. Mu ma shekara biyu ke nan da aikin koyar da Larabci ya ɗauko mu daga ƙasar Katsina ya sauke mu a Gyallesu ta Tudun Wadan Zariya, saboda haka abin da za mu faɗa ganau ne, ba jiyau ba.

Ga tambayar da muke so kowa ya yi wa kansa: shin baƙunci kwana nawa ne? A mazhabarmu ta Malikiyya, matafiyin da ke yin ƙasaru, da zarar ya ɗaura niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wani gari, to, ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. Ita kuwa Gwamnati, a ƙa'idar aikinta, kuɗin masauki na kwana 28 na farko take lissafa wa wanda aka yi wa canjin wurin aiki, daga nan tana ɗaukarsa ya zauna. Amma sai ka ga bawan Allah ya shekara goma a gari, zuciyarsa tana ƙasaru: bai san sunan maƙwabcinsa ba, bai dasa ko barkono ba, kullum zancensa shi ne an kusa mai da shi gida. Wannan zama na jiran gobe hasara ce gare shi, hasara ce kuma ga garin da yake ci yake sha a cikinsa.

Unguwar da kewayenta

Wanda ya fito daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, Tudun Wada zai fara faɗawa. Asalin Tudun Wada kuwa masaukin baƙi ce. Bayan da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Zariya ta isa Kano a 1911, sai mutane suka yi ta kwararowa, Turawan mulki suka keɓe Sabon Gari domin mutanen Kudu, Tudun Wada kuma domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan birni ba. Gyallesu tana jikin Tudun Wada, tana maƙwabtaka da Kongo, kogin Kubanni kuma ba shi da nisa da ita.

Makarantu biyu manya su ne suka ba unguwar kamanninta. Ta farko ita ce harabar Kongo, inda aka daɗe ana horar da akawuna da ma'aikatan En'e da alƙalai tun kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, a haɗe wurin da ita. A nan ne ake karatun shari'a da na sha'anin mulki. Ta biyu ita ce babbar makarantar horon malamai ta Gwamnatin Tarayya, wadda aka buɗe a 1962. Don haka gidajen haya sun yi yawa a Gyallesu. A layi guda sai ka tarar da Bazazzagi mai gidan gado, da Banufe, da Bayarabe, da Babarbare, da ɗalibai daga kowace kusurwa ta Nijeriya. Da asuba ladanai suna amsa wa juna, da hantsi hanya ta cika da masu littattafai a hammata, da dare kuma zaurukan karatu su ɗauka.

Ba za mu ɓoye ba, sa'ad da dangi suka ji sunan unguwar da za mu zauna, wasu sun yi jim. Abin da suka sani game da Gyallesu shi ne tashin hankalin watan Disamba na 2015, tsakanin sojoji da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaky, wanda gidansa yake a unguwar a lokacin, inda aka rasa rayuka fiye da 300 a Zariya, kamar yadda hukumar binciken da Gwamnatin Jihar Kaduna ta naɗa ta bayyana a 2016. Abu ne mai ciwo, kuma akwai waɗanda har yau ba su gama jinyarsa ba. Ladabin baƙo a irin wannan wuri shi ne ya kame harshensa, kada ya fama gyambon da bai san zurfinsa ba. Sai dai kuma kwana uku na masifa ba su ne tarihin unguwa duka ba. Mun tarar da mutane masu karɓar baƙo da fuska a sake.

Wannan kuwa halin Zazzau ne tun fil azal. Ku dubi gidajen sarautar nan huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa: sunayensu kaɗai sun isa shaida cewa ƙasar tana mai da mai zuwa ya zama nata. Marigayi Alhaji Abubakar Imam mutumin Kagara ne, aiki ya kawo shi, ya riƙe jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun farkonta a 1939, ya zauna Zariya har Allah Ya karɓi ransa a 1981. Wa zai ce masa baƙo yau?

Wurin aiki

Sabon ma'aikaci yakan zo da ɗoki, yana ganin duk abin da ya tarar karkatacce ne, shi zai miƙe shi. Shawararmu ita ce ya yi wata uku idonsa da kunnensa a buɗe, bakinsa a rufe. Ya karanta takardar miƙa aiki da wanda ya gada ya bari, ya ƙirga kayan da aka danƙa masa a gaban shaida, domin amana ce za a tambaye shi ita. Kada ya kushe wanda ya gabace shi, gama shi ma wata rana za a gaje shi. Kada kuma ya raina masinja da maigadi da tsohon akawu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu da muka zo koyar da Larabci, sai muka ga mun kawo goro Gwanja. Zariya gari ne da aka san shi da nahawu da lugga, almajirai suna zuwa unguwannin birni irin su Juma da Kona tun zamanin kakanni. A aji guda za ka sami yaron da ya sauke littattafan nahawu a zaure, ga na kusa da shi bai gama rarrabe baƙaƙe ba. Abin da ya fisshe mu shi ne ziyartar malaman zaure, mu gaishe su, mu ji inda suka kai ɗalibansu, sa'an nan mu ɗora. Haka ɗan kasuwa: kafin ya baza haja, ya gai da shugabannin kasuwa, ya san mudun garin da al'adarsu ta bashi. Da ɗan gari akan ci gari.

Gida da maƙwabta

Gidan haya muka kama, mai ɗaki uku da zaure da ɗan fili a baya. Kafin mu sauke kaya mun tabbatar da abu uku: yarjejeniya a rubuce da shaidu biyu, inda alƙibla take, da inda ruwan gidan yake fita. Na ukun nan kada a ɗauke shi ƙaramin abu, domin yawancin husumar maƙwabta a unguwa mai cunkoso daga kwata take farawa. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, rijiya da 'yan ga-ruwa su ne madogara, saboda haka wanda zai kama gida ya tambayi halin rijiyar a watan Afrilu, ba a watan Agusta ba.

A makon farko muka je gaisuwa wurin mai unguwa da limamin masallacin layinmu, muka bi gidajen dama da hagu, iyali kuma suka shiga wurin matan maƙwabta. Wani dattijo, tsohon ɗan kasuwa da katangarmu take ɗaya, ya ce, “Allah gafarta Malam, zama ka zo yi ko jiran canji?” Muka ce, “Baba Alhaji, zama muka zo yi, in Allah Ya yarda.” Ya ce to, sai ya ga abin da muka dasa. Ashe ma'aunin da yake gane baƙi da shi ke nan, domin ya ga masu haya da yawa sun zo sun wuce, ba su bar komai ba sai tabon hayaƙi a bango.

Ɗan lambun bayan gida

Ƙasar Zariya ta fi tamu ta Katsina samun ruwa. Damina takan kama daga Mayu zuwa farkon Oktoba, ruwan shekara yakan kai milimita 1,000 ko ya ɗara. Sai dai ƙasar tudu ja ce, mai tauri da rani, a wani wuri ma da marmara a ƙarƙashi, ga gara. Maganinta shi ne a yi kaftu mai zurfi, a zuba takin dabbobi wanda ya ruɓe sosai, a barbaɗa toka. Ɗanyen taki da busasshen kara su ke kiran gara. Wanda yake son iri mai kyau kuwa, a gidansa yake, domin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tushenta yake komawa 1922, ta fitar da ire-iren masara da dawa da wake da gyaɗa masu yawa.

Kafin mu sa fartanya sai da muka nemi iznin mai gidan, aka rubuta cewa duk itacen da muka dasa nasa ne ran da muka tashi. Muka nisanta ramin itace daga katanga, don kada saiwa ta cuci ginin maƙwabci. Muka kuma yi shinge tun kafin shuka, saboda hukuncin da malamanmu suka tafi a kai shi ne tsaron shuka da rana yana kan mai ita, tsaron dabba da dare kuma yana kan mai ita. Wanda ya bar alayyahunsa a sarari akuya ta cinye da azahar, kada ya ɗaga wa kowa murya.

Da ruwa ya sauka muka shuka kuɓewa da rama da yakuwa da alayyahu, muka jera zogale a bakin shinge, muka dasa gwanda biyu da gwaiba da lemun tsami. Da rani kuwa ruwan alwala muke tarawa a bokiti, shi kaɗai ya riƙe itatuwan har damina ta zagayo. Gwanda ta yi 'ya'ya cikin shekara guda, ta farko kuma gidan Baba Alhaji ta tafi. Yanzu yaran layin suna sallama a ba su zogale, kwanon da ya fita da ganye kuma ba ya dawowa wayam. Abin da gaisuwar wata shida ba ta ƙulla ba, sai ga shi ɗan lambu ya ƙulla.

Lemun tsamin nan sai ya yi shekara uku ko huɗu kafin a sha shi, mai yiwuwa ne kuma takardar canji ta riga shi nuna. Wani zai ce, to, ina amfanin wahalar? Amsa ita ce mangwaron da muka sha inuwarsa a kowane gari da aiki ya kai mu, ba mu muka dasa shi ba. Wani ma'aikaci ne ya dasa, aka ɗauke shi, ladansa yana bin sa.

Don haka, ya ɗan'uwa ma'aikaci, ya ɗan'uwa ɗan kasuwa, Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, amma raɓa ma takan jiƙa ƙasa kafin rana ta ɗauke ta. Ba mu ce ka manta da mahaifarka ba, ba mu kuma zargi wanda lalura ta sa ya bar iyali a gida ba. Abin da muke cewa shi ne, garin da ka cika salla a cikinsa yana da haƙƙi a kanka: ka riƙe aikinsa da amana, ka san maƙwabtanka a daɗi da wuya, ka bar wani abu mai rai a ƙasarsa. Allah Ya sa mu zama alheri ga duk inda muka sauka, Ya zaunar da Zazzau da ƙasarmu baki ɗaya lafiya, amin.