Karin Kumallo a Unguwar Tremont

Abincin farko da Bahaushe yake ci da safe shi ake kira karin kumallo. Kumallo shi ne ɗan tashin zuciyar da mutum kan ji idan cikinsa ya kwana babu komai, don haka wanda ya ci abincin safe sai a ce ya karya kumallo, ko kuma a taƙaice a ce ya karya. Sunan yana ɗauke da zaton cewa duk wanda ya tashi daga barci yunwa yake ji. Ɗana na ƙarshe, wanda muke kira Auta, shekararsa huɗu, kuma bai yarda da wannan zato ba.

Muna zaune ne a Tremont, wata unguwa a yankin Bronx na birnin New York, inda mutanen Afirka ta Yamma suke da yawa, har da Hausawan zangunan Gana. A kantunansu ana samun gero da daddawa da kuka da tsamiya. Kowane ƙarshen mako nakan jiƙa gero, in markaɗa shi da citta da kanunfari, in tace, in ajiye gasarar a firji, domin in riƙa dama koko kullum da safe.

Tun shekarar 2014, a zamanin magajin gari Bill de Blasio, birnin ya faɗaɗa karatun share fage kyauta ga yara 'yan shekara huɗu. Saboda haka dole ne Auta ya kasance a aji da misalin ƙarfe takwas, ni kuma in kama jirgin ƙasa zuwa jami'ar da nake koyarwa. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe bakwai. Sai in tashe shi gari bai waye ba, in ajiye masa koko da ƙosai, shi kuwa ya rufe baki gam, ya ce ya ƙoshi.

Mahaifiyata tana Zariya, kuma takan kira mu ta waya. Kamar yadda kakanni mata suke yi wa jikokinsu maza wasa, mijinta take kiransa. Da ta ji labari sai ta ce, "Haba, za ki kashe mini miji da yunwa? Ki ɗura masa mana!" Na ce, "To, Hajiya, Allah ya ƙara girma." Ɗura ita ce a kwantar da yaro a cinya, a tara tafin hannu a bakinsa, a riƙa zuba kunu har ya haɗiye ko yana so ko ba ya so. Iyayenmu mata ba don mugunta suka yi haka ba. Sun ga yadda rama da ciwo suke ɗauke yara, shi ya sa ƙoshin yaro ya zame musu kwanciyar hankali. Amma ɗura tana da haɗari, domin kunun yana iya bin hanyar numfashi ya shiga huhu. Bugu da ƙari, yaron da aka tilasta wa ci yakan tsani abincin da aka tilasta masa.

Maganar Hajiya ta tuna mini da makarantarmu ta firamare a ƙarshen shekarun 1980. Da yawa daga cikinmu kurɓa biyu ko uku muke yi wa koko, sai a ba mu kuɗin tara mu fita. Tara ita ce hutun da ake bayarwa da hantsi, lokacin da masu talla suke jeruwa a bakin makaranta da ɗanwake da alala da dafaffen rogo da garin ƙuli-ƙuli. A nan ne muke cin abinci na sosai. Wato tun a wancan lokaci an san cewa yunwar yaro ba ta bin agogon manya.

Likitocin yara ma haka suke bayani. Bayan shekara biyu girman jikin yaro yakan rage sauri, nauyinsa ba ya ƙaruwa da fiye da kimanin kilo 2 a shekara, don haka cinsa ma yakan ragu. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, kuma wanda barci bai ishe shi ba da wuya ya yi marmarin abinci. Wata Ba'amurkiya masaniyar abinci mai gina jiki, Ellyn Satter, ta raba aikin gida biyu. Iyaye ne suke da ikon zaɓen abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci. Yaro kuwa shi yake da ikon ko zai ci, da kuma yawan abin da zai ci.

A kan wannan muka tsara safiyarmu. Ƙarfe takwas na dare Auta ya kwanta. Nakan tashe shi da ɗan sauran lokaci, domin ya wartsake kafin a kawo abinci. Ba na cika masa kofi, ludayi ɗaya nake zubawa, don abinci mai yawa yana karya wa yaro gwiwa. Nakan tambaye shi, "Koko za ka sha ko kunun gyaɗa?" Shi yake zuba sukari da kansa, yayyensa kuma suna zaune tare da shi suna ci. In ya ƙi, ba faɗa ba roƙo. Sai in naɗe ƙosai biyu a takarda, sau da yawa kafin mu isa ƙofar makaranta ya cinye. Ko bai ci ba hankalina ba ya tashi, domin tun shekarar 2003 abincin safe kyauta ne a makarantun gwamnati na birnin, kuma malamarsu ta shaida mini cewa yana ci idan ya ga 'yan ajinsu suna ci. Ashe tararsa yake jira.

Mai karatu zai iya tambaya: tun da makaranta tana ciyar da shi, me ya sa nake wahalar jiƙa gero? Dalili shi ne yaron nan yana wuni cikin Turanci. Minti goma sha biyar ɗin nan na safe su ne lokacin da yake jin kalmomi irin su gasara da ludayi da tsami da ɗumame, yana kuma ganin abin da suke nufi. A nan yake koyon wanke hannu, da yin bisimilla, da ci da hannun dama. Idan zaman ya koma fagen kuka da tsawa, ba kokon kaɗai zai guda ba, har da harshen da ake ba shi kokon da shi.

Ɗalibin da ya ziyarci gidan Bahaushe zai lura cewa ba a cin abinci a gaban baƙo sai an yi masa tayi. Za a ce masa, "Bisimilla," in ya ce ya ƙoshi a sake cewa, "Ko loma ɗaya ce ka taɓa." Amma ba wanda zai ɗura masa. Tayi wajibin mai gida ne, ci kuwa ra'ayin baƙo ne. Wannan ladabin da muke yi wa baƙi shi nake ƙoƙarin yi wa ɗana. Wata rana ya sha cokali uku, wata rana ya shanye ya nemi ƙari, wata rana kuma ko kallon kofin ba zai yi ba. Ni dai nawa shi ne in dama, in ajiye, in zauna kusa da shi, domin Hausawa sun ce da rashin tayi akan bar arha.